Kundin aiki: ɗora CMake zubi ɗaya a kan kwamfutocin ajinmu

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

An dawo daga hutun ƙaramar Salla, ajin C++ da muke yi da yamma a Runjin Sambo, Sakkwato, ya ci gaba. Aikin wannan zangon manhajar lissafin shago ce: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashin da ake bin mutane, duk da Hausa. Kowane ɗalibi yana rubuta nasa ɓangaren a kan na'urar da Allah Ya hore masa, a nan kuma rigimar take. Tsofaffin kwamfutocin tebur na ajin suna kan Ubuntu 20.04, wasu ɗalibai na da laftof mai Windows 10, biyu sun ɗora Ubuntu 22.04, akwai Raspberry Pi guda, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, a kan shiryayye, ƙanwata kuma ta yarda ta riƙa ara mana MacBook ɗinta idan ba ta da lacca.

Wanda zai haɗa kan waɗannan duka shi ne CMake. Ga wanda bai san shi ba, ba shi ke harhaɗa kod da kansa ba. Yana karanta fayil ɗin CMakeLists.txt, ya leƙa ya ga wace kwamfaila ce a kan na'urar, wato manhajar da ke juya rubutunmu zuwa abin da inji ke ganewa, sannan ya rubuta wa Make ko Ninja ko Visual Studio takardar aiki. Kamfanin Kitware na Amurka ne ya fara shi a 2000, Bill Hoffman na kan gaba, saboda wani aikin nazarin hotunan asibiti mai suna ITK da ake so ya ginu a kan Unix da Windows lokaci guda. Damuwarsu ta wancan lokacin ita ce tamu ta yau.

Matsalar ita ce kowace babbar manhaja da zubin da take bayarwa. Ubuntu 20.04 na ba da 3.16, 22.04 na ba da 3.22, Debian 12 na ba da 3.25. Mu kuwa muna son amfani da CMakePresets.json, fayil ɗin da ke adana saitin gini, wanda sai daga 3.19 ya shigo, sashensa da ke bambance Windows da Linux kuma sai 3.21. Na yanke cewa kowa zai hau 3.31. Zubi na 4.0 ya fito a ƙarshen Maris, amma ba zan ɗora wa masu koyo abin da bai yi wata guda a duniya ba.

Na sauke kod ɗin tushe, kusan megabayit 11, na sa a filasha. Wanda aka riga aka gina na Linux ya ninka wannan sau huɗu da wani abu, na Windows daban, na Mac daban. Inda data ke da tsada, ƙunshi ɗaya da zai yi wa kowa ba abin rainawa ba ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Tambayar da wata ɗaliba ta yi tun kafin mu kunna komai ita ce ta fi kowace kyau: “Malam, in da CMake ake gina CMake, na farkon da mi anka gina shi?” Amsar tana cikin fayil ɗin da ake kira bootstrap. Maƙerin da ba shi da awartaki ba zai iya riƙe jan ƙarfe ya ƙera awartaki ba, sai ya fara lanƙwasa wani ɗan ƙarfe ya yi na wucin gadi, da shi zai ƙera na ainihi. Haka bootstrap yake yi. Rubutun umarni ne na sh zalla. Yana neman kwamfailar C da ta C++ da shirin make, ya buɗe folda mai suna Bootstrap.cmk, ya harhaɗa wani yanki kawai na kod ɗin ya fitar da ƙaramin cmake mara ado. Wannan ƙaramin ne zai karanta CMakeLists.txt na babban, ya rubuta Makefile na gaskiya. Daga nan sai make ya ɗauka.

A kwamfutar farko ya tsaya tun a ƙofa, ya ce bai ga kwamfailar da ta dace ba. Babu build-essential, ƙunshin da ke kawo kwamfaila da make, a kanta. Mun ɗora da apt-get maimakon apt da gangan, don apt-get yana barin fayilolin .deb a /var/cache/apt/archives bayan ya gama, shi kuwa apt share su yake yi. Muka kwashe su a filasha muka zagaya sauran kwamfutocin ba tare da an sake taɓa data ba.

Tsayawa ta biyu ta fi cin rai, domin sai da ƙaramin cmake ya gama ginuwa tukuna ya ce bai ga OpenSSL, laburaren tsaro, ba. CMake na ɗauke da nasa curl a ciki don sauke abubuwa daga intanet, curl kuma a Linux yana buƙatar OpenSSL kafin ya yi magana da adireshin https. Hanya biyu ce: ko a ɗora libssl-dev, ko a kashe abin da `-DCMAKE_USE_OPENSSL=OFF`. Ta biyun ta fi sauri, amma duk ranar da wani ya sa FetchContent, wani sashe na CMake, ya jawo masa laburare daga adireshin https zai ga an ƙi, kuma ba zai tuna dalili ba. Mun ɗora libssl-dev. Umarnin da muka tsaya a kai:

`./bootstrap --prefix=/opt/cmake-3.31 --parallel=2 -- -DBUILD_TESTING=OFF`

Kashe gwaje-gwajen cikin gida na CMake yana rage aiki sosai. An fara bayan La'asar, ana kiran Magariba make bai gama ba, muka bar shi a kan inbata.

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya ginu. Na zaɓi /opt maimakon /usr/local don in an tashi cirewa folda ɗaya za a goge, kuma kada ya yi karo da na apt.

Wani ɗalibi mai hanzari ya kwafi fayil ɗin cmake shi kaɗai daga bin ya kai wata kwamfutar, ya kira shi, sai ga “Could not find CMAKE_ROOT”. Rabin wayon CMake ba a cikin wannan fayil yake ba, yana cikin share/cmake-3.31/Modules, inda ɗaruruwan ƙananan rubuce-rubuce ke koya masa gane kwamfaila da neman laburare. Yana neman foldar ne daga inda shi kansa yake zaune, saboda haka bin da share tare suke tafiya. Amfanin hakan shi ne za ka iya ɗauke foldar gaba ɗaya ka kai ko'ina, za ta yi aiki.

Wani kuma ya gyara PATH, jerin foldojin da na'ura ke neman shirye-shirye a ciki, amma `cmake --version` ya ci gaba da cewa 3.16. Bash ne ya haddace tsohon wurin. `hash -r` ya warware.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Ranar Ninja. Evan Martin ne ya rubuta shi lokacin yana aikin Chrome a Google, ya gaji da jiran Make kafin ya gano abin da ya canza. Gininsa ba wuya: `python3 configure.py --bootstrap`, 'yan mintoci, fayil ɗaya ya fito. Muka kwafa cikin /opt/cmake-3.31/bin.

A kwamfutar da ke kusa da taga sai ya ƙi. Kowane gini yana ƙarewa da “manifest 'build.ninja' still dirty after 100 tries”. Ɗalibin da ke kanta ya juyo: “Malam, wanga abu ya ƙi tahiya, ko mi munka yi mishi?” Ba su yi masa komai ba. Muka buga `date`, sai ga kwamfutar tana zaune a wata shekara da ta daɗe da wucewa.

Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, don a garinmu zai sami mutane da yawa. Make da Ninja da agogo suke aiki. Dokarsu ɗaya ce: idan fayil ɗin tushe ya fi abin da aka gina daga gare shi sabunta, a sake gini. To kwamfutar da agogonta ya koma baya, duk abin da ta rubuta yanzu yana ɗauke da tsohuwar shekara, alhali CMakeLists.txt da aka kwaso daga wata na'urar yana ɗauke da 2025. Ninja ya duba ya ga build.ninja ya tsufa, ya kira CMake ya sabunta shi, CMake ya rubuta sabo da tsohon kwanan wata, Ninja ya sake dubawa ya ga har yanzu tsoho ne. Sau ɗari yake zagayawa kafin ya haƙura. Make ba ya tsayawa, gargaɗin “Clock skew detected” kawai yake yi ya ci gaba da sake gina abin da ya riga ya gina, wanda a ganina ya fi muni, don mutum zai ɗauka kwamfutarsa ce mara ƙarfi. Haka kuma https ba zai yi ba, tunda a lissafin na'urar takardar shaidar shafin ba ta fara aiki ba tukuna.

A inda intanet ke kunne dare da rana ba a ganin wannan, NTP, tsarin saita lokaci ta intanet, na gyara agogo da zarar an kunna. Mu kwamfutocinmu sai an haɗa musu waya suke ganin intanet, kuma ana ɗauke wuta suna mutuwa. Na kai wa mai gyaranmu a titin Emir Yahaya, bai ko buɗe ta ba ya ce, “Batirin agogo na, Malam.” Ɗan batir ne mai faɗin kwabo, CR2032, a kan allon uwa. Na sayo na duka kwamfutocin tebur ɗin, na kuma sa layi a farkon rubutun girkawarmu da zai ƙi tafiya idan shekarar na'ura ta gaza 2025.

Talata, 22 ga Afrilu

Tunanin shi ne a gina sau ɗaya a rarraba. CMake na zuwa da cpack, muka yi `bin/cpack -G TGZ` a foldar gini, ƙunshi ya fito. A sauran masu 20.04 ya zauna lafiya. A kan 22.04 ya ce babu libssl.so.1.1.

Abubuwa biyu ne ke ja a nan, kuma kowanne gefensa daban. Na farko glibc, laburaren C na Linux. Abin da aka gina a kan tsohuwar glibc yana tafiya a kan sabuwa, amma ba a komawa baya. Ubuntu 20.04 na da 2.31, 22.04 na da 2.35. Wani ɗalibi ya gwada ya gina a 22.04 ya kawo wa tsofaffin, suka ce ba su san GLIBC_2.34 ba. Ta wannan fuskar da tsohuwar zuma ake magani, a gina a kan na'urar da ta fi tsufa. Na biyu OpenSSL, wanda ba ya bin wannan ƙa'ida: 20.04 na da 1.1.1, 22.04 ta koma 3.0 da sabon sunan fayil, tsohon kuma babu shi sam.

Akwai masu cewa a nemo tsohon libssl a cusa wa 22.04. Ban yarda da wannan ba, laburaren tsaro ne da masu shi suka daina gyarawa tun 2023. Ƙunshin da Kitware ke bayarwa na Linux ba shi da wannan ciwon, don sun gina shi a kan tsohuwar glibc kuma sun dunƙule OpenSSL a cikinsa. Masu 22.04 su biyu ne kawai, kowa ya gina nasa daga filasha, darasi ne a gare su. Amma da kwamfutoci ashirin ne masu zubi daban-daban, da na Kitware zan saya wa data in huta.

Asabar, 3 ga Mayu

Windows. A nan bootstrap ba shi da wurin tsayawa sai an kawo masa sh, ma'ana MSYS2, ƙunshin kayan aikin Unix na Windows. Takardar bayanin CMake kanta hanya biyu ta bayar: ko ka sauke cmake ginanne ka gina sabo da Visual Studio, ko ka yi bootstrap da MinGW, wato kwamfailar GCC ta Windows, a cikin MSYS2. Kayan ginin Visual Studio gigabayit da yawa ne, mutum ɗaya ne kawai a ajin yake da su, ya samo a wurin aikinsa. Sauran MSYS2.

Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne MSYS2 na buɗe tagogi masu kama da juna, MSYS da UCRT64 da MINGW64 da sauransu. Wanda ya yi gini a tagar MSYS zai sami cmake da ke rayuwa a cikin MSYS2 kaɗai, yana jingine da msys-2.0.dll, yana kallon hanyoyin fayil irin na Unix. Wanda ke son na Windows na gaske sai ya shiga UCRT64 ya ɗora mingw-w64-ucrt-x86_64-gcc. Shi ma pacman, mai ɗora manhajoji a MSYS2, yana ajiye abin da ya sauke a /var/cache/pacman/pkg, muka yi masa irin dabarar da muka yi wa apt-get.

Ya ginu, kuma bai tambayi OpenSSL ba, don a Windows curl ɗinsa da Schannel na Microsoft yake aiki. Sai dai jinkirin ya wuce misali. Rubutun sh yana ta haifar da ƙananan shirye-shirye, abin da ke da arha a Linux amma mai tsada a Windows, ga Defender na binciken kowane fayil da kwamfaila ta ajiye. Mun yi sau ɗaya kowa ya gani da idonsa. Bayan haka na sauke zip ɗin Kitware na Windows da ninja-win.zip, aka warware a C:\kaya, aka sa a PATH. Ba ya neman izinin mai gida, wato administrator, wanda ya taimaki masu aron laftof ɗin yayyensu.

Mai Visual Studio ya sha mamaki da Ninja ya ce bai ga cl.exe ba. Sai an buɗe tagar umarni ta musamman da ke kiran vcvars64.bat tukuna kwamfailar ke bayyana.

Alhamis, 8 ga Mayu

Yau ba CMake ne ya ba da wahala ba, haruffanmu ne. Manhajar ta ginu da kwamfailar Microsoft, aka buɗe taga, inda ya kamata a ga “Kuɗin da ya rage” sai ga “KuÉ—in”, ƙ kuma ta zama Æ™. Duk mai karanta Hausa a intanet ya taɓa cin karo da wannan shirme. A UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu ne. GCC da Clang suna ɗaukar fayil a matsayin UTF-8 tun asali. Ita kuwa ta Microsoft, in ba ta ga alama a farkon fayil ba, sai ta karanta shi da tsohon jadawalin haruffan Windows, wanda a laftof ɗinmu 1252 ne, na harsunan yammacin Turai, babu ƙ babu ɗ babu ɓ. Sai ta raba bayit biyun ta ba kowanne harafinsa.

A nan ne na ga amfanin duk wahalar da muke sha. Layi uku a CMakeLists.txt, idan MSVC ce, wato kwamfailar Microsoft, a ƙara `/utf-8`, kuma ya gyaru wa duk wanda zai gina manhajar nan gaba, ba sai an bi kowa an nuna masa inda zai latsa ba. Baƙar tagar umarni ita ma tana da nata jadawalin, sai an ce mata `chcp 65001`.

Dokoki uku suka fito daga wannan makon, na rubuta su a allo. Kada a sa harafi mai lanƙwasa ko tazara a sunan foldar gini. CMake zai jure, amma ba kowane tsohon kayan aiki da yake kira ne zai jure ba. Kada a binne aiki cikin folda cikin folda a Windows, iyakar tsawon hanya 260 ce, CMake kuma yana fara ƙorafi tun daga 250. Ta ukun, kada a warware ƙunshi a kan filasha. FAT32 ba ta san izinin zartarwa ba, ba ta san mahaɗin fayil ba, bootstrap zai iso ɗaya gefen ya ce “Permission denied”. A ɗauki tar.gz a rufe, a buɗe shi a inda za a yi gini.

Akwai kuma wanda Git ɗinsa na Windows ya canza wa rubutun girkawarmu ƙarshen layi zuwa CRLF, Linux ta ce ba ta san wani /bin/sh^M ba. Fayil ɗin .gitattributes ya rufe wannan ƙofa.

Laraba, 14 ga Mayu

Raspberry Pi ita ce wurin da gini daga tushe ya zama dole ba zaɓi ba. Pi 3 B+ ce, RAM gigabayit 1, tana kan Raspberry Pi OS mai bit 32 da aka gina a kan Debian 11, CMake ɗinta 3.18. Kitware na ba da ginanne na x86_64 da aarch64, ba sa ba da na ARM mai bit 32. Dalilin damuwa da ita kuwa shi ne irin wannan ƙaramar na'ura ce za ta iya kwana a shago a kan ƙaramar sola.

Da `make -j4` ba ta yi nisa ba sai “Killed signal terminated program cc1plus”. RAM ta cika, ƙwayar Linux (kernel) ta kashe wanda ya fi ci. Wasu fayilolin CMake kowanne shi kaɗai yana cin ɗaruruwan megabayit wajen harhaɗawa. Muka ƙara wurin musaya, wanda na'ura ke arawa idan RAM ta cika, a /etc/dphys-swapfile zuwa megabayit 1024, muka sauko `-j2`, daga baya ma `-j1` da rana.

Saboda zafi. Wannan samfurin idan ya kai digiri 60 yana rage gudunsa daga 1.4 zuwa 1.2 GHz, a 80 kuma ya ƙara ja baya. A Sakkwato cikin Mayu, inda iskar ɗaki kanta ke haura 40 da rana, kafin a ba ta aiki ma ta kusa kai iyakar farko. `vcgencmd measure_temp` ya zama abin da muke bugawa kowane ɗan lokaci. Muka cire mata murfi, muka jingina mata ƙaramar fankar caji, muka mayar da ginin bayan Isha.

Da aka ɗauke wuta a tsakiya, make ya ci gaba daga inda ya tsaya, wannan kam halinsa ne mai kyau. Amma a ƙarshe wajen haɗa komai ya ce wani fayil ɗin .o a yanke yake. Wutar ta tafi ana cikin rubuta shi, ya zauna fanko da sabon kwanan wata, make ya ɗauka gamamme ne. `find . -name '*.o' -size 0 -delete`, aka sake kira, ya wuce. Tun daga nan a kan fawa bank take gini. A tuna kuma Pi 3 ba ta da agogon ciki ko kaɗan, lokacin da aka kashe ta take tunawa, saboda haka layin duba shekara bai isa ba, sai an saita mata lokaci da hannu ko a haɗa mata waya kafin a fara.

Talata, 20 ga Mayu

Mac ba ta ja dogon zance ba. `xcode-select --install` ya kawo Clang da make, bootstrap ya tafi sumul, MacBook ɗin mai M1 ta gama kafin shayi ya huce. Ƙanwata ta ce, “Yaya, da ka bari na yi brew install kawai.” Homebrew, mai ɗora manhajoji a Mac, sabon zubi yake bayarwa, yanzu 4.0, mu kuma 3.31 muka ce. Na girka a foldar gidanta don kada in taɓa mata /opt/homebrew.

Babu `nproc` a Mac, sai `sysctl -n hw.ncpu`. Babu tabbacin samun `sha256sum`, sai `shasum -a 256`. A Windows `certutil -hashfile`. Da zarar cmake ya samu dai, `cmake -E sha256sum` iri ɗaya ne a ko'ina.

Abin lura ɗaya: ta rubuta `#include "Lissafi.h"` alhali sunan fayil lissafi.h ne. Mac da Windows ba sa bambance babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, Linux na bambancewa. A wurinta ya ginu, a ajin ya faɗi. Sunayen fayilolinmu duka sun koma ƙananan baƙaƙe.

Talata, 27 ga Mayu

FreeBSD 14 a cikin VirtualBox, Alpine a cikin Docker. Babu mai amfani da su a ajin, na sa su ne don su tona asirin rubutun girkawarmu, kuma sun tona. An fara shi da `#!/bin/bash`, su biyun kuwa babu mai bash tun asali. A FreeBSD ko an ɗora shi /usr/local/bin yake zama. Muka mayar da shi sh tsantsa, muka cire 'yan dabarun da bash kaɗai ya sani.

A FreeBSD kwamfailar Clang ce, make ɗinsu kuma na BSD ne ba na GNU ba. Bootstrap ya san da haka, yana fara neman gmake kafin make. Bai ba da matsala ba.

Alpine ta fi ban sha'awa. Na gwada ginannen Kitware a kanta don ɗalibai su gani: fayil na nan, `ls` na nuna shi, ka kira shi a ce “not found”. Abin da ba a samu ba shi ne mai lodin glibc da fayil ɗin ke nema, domin Alpine da musl, wani laburaren C daban, take aiki. Saƙon kuskuren bai faɗi haka ba, kuma na san mutum zai iya kwana a kansa. Daga tushe kuwa ya ginu, bayan `apk add build-base openssl-dev linux-headers`. Na ƙarshen saboda libuv ne, wani laburare da CMake ke ɗauke da shi.

Laraba, 11 ga Yuni

An yi Babbar Salla ranar Juma'a, rabin ajin ba su dawo daga ƙauyukansu ba, sai na yi amfani da shirun na gwada 4.0 a gefe, a /opt/cmake-4.0. Kod ɗinmu ya wuce. SQLite ba ruwanta, fayil ɗin C guda ne muke harhaɗawa da kanmu. Wani ƙaramin laburaren buga rasit da muka aro ne ya tsaya, don a kansa an rubuta `cmake_minimum_required` na zubin 2.8, shi kuwa 4.0 ya daina karɓar duk abin da ya gaza 3.5. Ana iya lallashinsa da `-DCMAKE_POLICY_VERSION_MINIMUM=3.5`, na gwada ya yi. Amma gyaran gaskiya layi ɗaya ne a laburaren, na ba wata ɗaliba aikin ta gyara ta aika wa masu shi, ya zama karonta na farko da za ta sa hannu a buɗaɗɗiyar manhaja ta wasu.

Inda muke yanzu: `cmake --preset aji` sannan `cmake --build --preset aji` suna fitar da manhajar a kan Ubuntu biyun, Windows ta MinGW da ta Visual Studio, Mac, Pi, FreeBSD da Alpine. A filasha akwai kod ɗin tushe na CMake da na Ninja, zip biyu na Windows, ƙunshin da Pi ta gina don kada a sake sa ta wannan aikin, fayilolin .deb da na pacman, da lambobin SHA-256 na kowanne. Laburaren da FetchContent ke nema ma suna ciki, preset ɗin yana nuna masa inda suke da `FETCHCONTENT_SOURCE_DIR`, ba ya leƙa intanet.

Ubuntu 20.04 ta fita daga tallafin kyauta a watan jiya, Windows 10 kuma za ta bi ta ranar 14 ga Oktoba, kuma yawancin laftof ɗin ɗalibai ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Kwamfutocin tebur za su koma Debian 12 kafin zango na gaba, ma'ana OpenSSL 3.0 da sake gina ƙunshin Linux.

Ɗalibai uku ba su da kwamfuta a gida, waya kawai. Ranar Asabar za mu gwada Termux, manhajar tagar umarni ta wayar Android: komai nasa yana ƙarƙashin /data/data/com.termux/files/usr, babu /opt, laburaren C ɗin kuma Bionic ne na Android, ba glibc ba kuma ba musl ba. Na ce kowa ya zo da cajarsa, kuma ya share wa wayarsa wuri.